Lakar da na kawo daga Kalaba ta ƙi ba ni komai: damina ce ko laifina ne?

Ɗalibar Jos:
Salamu alaikum. Ina digiri na biyu a nan Jos, aikina kan ƙananan halittun nan ne da ake kira thraustochytrids, masu tara mai a jikinsu, irin man DHA da ake sa wa a madarar jarirai. A dajin mangurof suke, itatuwan bakin teku masu tsayawa kan saiwoyi kamar an ɗora su a gwangwala. Mamana har gobe ce wa mutane take ina binciken mangwaro, na gaji da gyara mata.

A Agusta na je Kalaba, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗebo laka kwalba goma, na yi kwana biyu a hanya, da na iso na jefa su firiza. Mako uku ke nan, farantan lab da na shuka lakar a kai don halittun su tsiro babu komai sai fumfuna. Lokacin ne bai dace ba, ko ni na kashe su?

Malamin Lab, Gwagwalada:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, firizar nan ita ce ta fara cutar ki. Halittar ruwan ɗumi ce, ƙanƙara ba ta yi mata daɗi. Na biyu, me ya kai ki laka zalla? Ruɓaɓɓen ganye ne abincinsu, don ba sa haɗa abinci da hasken rana kamar gansakuka. Ki tsinci ganyen da ya faɗo ya yi ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, ki wanke da dafaffen ruwan teku. A farantin ki sa penisilin da sitiraftomaisin, in ba haka ba bakteriya za su cinye wurin.

Kuma kina zaune kan dukiya ba ki sani ba. Tsohuwar dabarar kama su ita ce ƙurar furen bishiyar fayin (pine, mai ganye kamar allura), ga fayin nan a Jos. Ki busar da ƙurar, ki tsabtace ta, ki barbaɗa kan ruwan samfurin da kika ɗebo. Bayan 'yan kwanaki ki duba a madubin lab mai girmama ƙananan abubuwa, za ki gan su ƙulu-ƙulu manne da ƙwayar kamar kaska a kunnen kare.

Baban Ilham:
Malam ya yi gaskiya, amma kada a wanke damina tas. Na yi bautar ƙasa a Bonny, tsibirin bakin teku a jihar Ribas. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a lita, amma idan kogi ya kawo a Agusta da Satumba, ruwan rafukan sai ya kusa zama na sha. Halittun nan kuwa suna bukatar gishiri. Wasu, kamar Aurantiochytrium, suna jure ƙarancinsa, wasu ba sa jurewa. To abin da za ki samu a Fabrairu daban ne da na Agusta. Da ni ne, wannan bambancin zan mayar da shi aikin gaba ɗaya: wuri guda, ɗiba biyu, kowane zuwa a auna gishiri.

Ɗalibar Jos:
Kai, Allah ya saka. Ban ma auna gishirin ba wallahi. Malam, yaya zan sa su tara man idan na same su?

Malamin Lab, Gwagwalada:
Ki cika musu sukari a abincin da kike renon su da shi, ki rage sinadarin naitirojin, sai su daina hayayyafa su koma tara kitse. Amma fara samun su tukuna. Wannan karon a kular sanyi za ki sa samfurin, ba ƙanƙara a jikin kwalbar, kuma ki shuka ranar da kika iso.