Musayar waƙa: keken mama yana bayan ɗaki

Ƴar Gwange:
Salama ƴan'uwa. tun ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumba 2024, da kogin Ngadda ya malalo unguwarmu Gwange a Maiduguri, ban sake taka keken ɗinkin mama ba, ita kuma bayan mun dawo daga sansanin ƴan gudun hijira na Bakassi ciwo ya kwantar da ita har Ubangiji ya kira ta, keken na nan bayan ɗaki duk tsatsa. ga abinda ke raina

Ngadda ta shigo da dare ba sallama,
Ta kwashe buhun gero har da tabarma,
Atamfofin mutane sun bi ruwa,
Muka kwana a fili muna kallon sama,
Gida ya bushe, ni ban bushe ba,
Don wadda ta koya min zare babu, mama.

Baba Dattijo:
Sannu ɗiyata, Allah ya ta'azantar. nima a 2014 da ƙafa na bar Michika, ai har hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar Ƴan'uwa a Najeriya) ta Kwarhi sai da ta yi zaman Jos a lokacin

Kuka ba zunubi ba ne ɗiyata,
Yesu ma ya yi shi a Betanya,
Amma a bakin kabarin Li'azaru,
Ya ce a kawar da dutsen daga hanya.
Nehemiya ya yi makoki a Shushan,
Sannan ya nemi katako da takardar tafiya,
Kowa ya gyara daura da ƙofar gidansa,
Kwana 52 garu ya tsaya.

Ɗan Kwaya (ta coci fa, ba ta sha ba):
Baba a gafarce ni zan sa baki

Nehemiya na da sarki a bayansa,
Ya ba shi katako har da mahaya,
Mu wa zai ba mu ko ƙusa ɗaya,
Kuɗin man keke ma sai an sha wuya?

Ƴar Gwange:
ka faɗi rabin zance ɗan'uwa, amma wallahi ba kuɗin ne kaɗai ba

In na ɗaga zanen da na rufe shi,
Ƙamshin hannunta nake ji a jikinsa,
Ina tsoron ranar da zai yi ƙara,
In waiga ba ta zaune a gefensa.

Mama Zumunta:
Kai ɗan kwaya ka koma gefe da lissafinka. ƴata zo nan, na san mamanki a zumuntar mata, rabin rigunan da muke sawa ranar taro daga ƙarƙashin allurar nan suka fito

Da Dokas ta rasu a garin Yafa,
Gwauraye ba su zo da dogon jawabi ba,
Riguna suka ɗaga wa Bitrus,
Ga ɗinkinta, ba mu manta ba.
Matar nan mai bashi ta je gun Elisha,
Bai ce mata ina sarki ba,
Ya ce me ya rage miki a ɗaka?
Ɗan mai a kwalba, ashe bai ƙare ba.
Je ki ari tuluna gun maƙwabta,
Mu ne maƙwabtan, ba mu gudu ba.
Ki taka keken kina hawaye,
Zare bai taɓa ƙin jiƙa ba.

ranar Asabar bayan aikin sharar coci zamu zo mu huɗu, in kawo kananzir da tsumma, akwai zannuwan sabbin mata guda shida da ke jiran ɗinki kuma biya za mu yi ba kyauta ba

Ɗan Kwaya:
toh na ji kunya, bel da man keke a wuyana, zan biya Monday Market in saya

Ƴar Gwange:
Ku zo mama, zan buɗe ƙofa,
Amma ku san matakin keken ya karye,
Kuma in na fara kuka a tsakiya,
Kar wanda ya ce min in daure.

Baba ko kun san mai walda a kusa da Gwange?