Caitlin Clark ba ta ɗauki kofi ba, shin ita ce ta fi kowa a ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka?

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sake zama na kalli wasan Iowa da Michigan na 15 ga Fabrairun 2024, ranar da Caitlin Clark ta Iowa ta karya tarihin yawan cin maki na mata da Kelsey Plum ta kafa, maki 3,527. Daga kusa da tsakiyar fili ta tsaya ta jefa ƙwallon, ta shige kwando, kuma a daren ta tashi da maki 49. Ni dai magana ɗaya nake da ita: ba a taɓa yin 'yar wasa kamarta ba a jami'o'in Amurka. Maki 3,951 a shekara huɗu, a babban rukunin jami'o'i ta wuce mata, ta wuce maza, har Pete Maravich mai riƙe da tarihin maza da 3,667. Wanda yake da ja ya fito.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Ni ce nan mai ja, ƙanwata. Ina kofin? Sau biyu ta je wasan ƙarshe, sau biyu ta dawo hannu rabbana. LSU ta doke su 102 da 85 a 2023, South Carolina ta doke su 87 da 75 a 2024. Breanna Stewart shekara huɗu ta yi a UConn, daga 2013 zuwa 2016 kofi huɗu ta ɗaga, kuma duk sau huɗun ita aka zaɓa gwarzuwar zagayen ƙarshe. Wasa 151 suka ci, biyar kacal aka ci su. Don me ake shiga gasa in ba don kofi ba? Ko a makarantar kwana da na yi wasa, ba wanda yake tambayar maki nawa kika ci idan kun dawo babu kofi a mota.

Koci: Anti Ladi, ba na musun abin da Stewart ta yi, amma a duba su wa ke gefenta. A shekarar da ta gama, da aka zo zaɓen 'yan wasa na WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka, ita aka fara ɗauka, ta biyu Moriah Jefferson, ta uku Morgan Tuck. Dukkansu 'yan UConn, aji ɗaya. Wato mutum uku da suka fi kowa a ƙasar suna sanye da riga ɗaya. Ni da nake horar da yara mata, na san abin da wannan yake nufi. Idan kana da gwanaye uku, abokin karawa ba shi da damar ɗora mutum biyu a kan ɗaya, domin duk wadda ya sake za ta hukunta shi. Clark kuwa kusan kowane dare mutum biyu ne a kanta tun daga tsakiyar fili. Kofi na ƙungiya ne, kuma a wasan jami'a ana gama rabin aikinsa ne tun a lokacin zawarcin 'yan wasa, kafin a busa usur.

Anti Ladi: To Koci, laifin wa ne da ba ta je inda gwanaye suke ba?

Koci: Ai nan ne labarin yake. A ajin 2020, wato masu shiga jami'a a shekarar, jerin tashar wasanni ta ESPN ya sa Paige Bueckers ta ɗaya, Angel Reese ta biyu, Cameron Brink ta uku, Clark ta huɗu. Clark da bakinta ta ce UConn take mafarki tun tana yarinya, amma ba su neme ta ba. Kocinsu Geno Auriemma ya riga ya sa ransa a kan Bueckers. Saura kaɗan ta tafi Notre Dame, sai ta fasa ta zauna a jiharsu, wajen Lisa Bluder, kocin Iowa a lokacin. Iowa kuwa sau ɗaya tak ta taɓa shiga huɗun ƙarshe kafin zuwanta, a 1993, zamanin koci Vivian Stringer. Shekara 30 ba su sake leƙa wurin ba. Yarinyar nan ta zo ta kai su wasan ƙarshe sau biyu a jere. A wajena wannan ya fi wahala a kan ka shiga gidan da kofi ya saba kwana ka ƙara musu wani.

Maman Amira: Ina bin ku tun ɗazu. Ni 'yar South Carolina ce, kowa ya sani a nan, kuma ba zan ɓoye ba, yarinyar nan ta taɓa sa ni kuka. A 2023 mun zo wasan kusa da na ƙarshe da nasara 36, ba a ci mu ko sau ɗaya ba, muna da Aliyah Boston, muna da tsayi, muna da benci. Clark ta zuba mana 41, aka tashi 77 da 73. Amma Koci, maganar zawarcin nan taka tana da baki biyu. Bayan wannan wasan duka 'yan wasanmu biyar na farko suka tafi. Kocinmu Dawn Staley ta sake gini, ta ɗauko Te-Hina Paopao daga Oregon saboda jefa ta nesa da ta gaza mana, ta ɗora Kamilla Cardoso a tsakiya, muka yi wasa 38 babu faɗuwa. Zawarci ma ai gwaninta ce. Ba za a mayar da shi abin kunya ga wanda ya iya ba.

Auta: Anti Maman Amira, ba wanda ya ce abin kunya ne. Amma ki tuna yadda wasan ƙarshen ya kasance. Ina tuna daren sarai, 7 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi, ƙarfe takwas na dare a wajenmu aka fara. Ina zaune a tsakar gida da waya a hannu, kunun buɗe-baki ya huce a gefena ban sani ba. A zubin farko kaɗai Clark ta ci 18. Sai me ya faru? Bencin South Carolina ya ci maki 37, na Iowa ko ɗaya bai ci ba. Ko ɗaya! Tessa Johnson, 'yar shekarar farko, ta taso daga benci ta ci 19. Cardoso mai tsayin sama da mita biyu ta kwashe ƙwallo 17 daga allo. Mutum ɗaya zai yi yaya da wannan?

Maman Amira: Ki ƙarasa labarin mana, Auta. Bayan zubin farkon nan aka ɗora mata Raven Johnson, yarinyar da Clark ta yi wa nuni da hannu ta ƙyale a 2023 don ta raina jifarta. Raven ta manne mata kamar ƙaya a zani, har ta fizge ƙwallo daga hannunta dab da hutun rabin lokaci ta je ta zura. A sauran zubi ukun maki 12 kawai Clark ta ƙara. Jifa 28 ta yi, 10 suka shiga. Ba benci kaɗai ya ci wasan nan ba, an tsare ta.

Ɗan Zariya: Ku ba ni dama in sa baki. Koci, hujjarka tana da kyau amma akwai wadda ta rushe ta tun 1993, shekarar da ka ambata ɗin nan. Sheryl Swoopes a Texas Tech. Makarantar ba gidan kofi ba ce, ba ta taɓa ɗauka ba kafin nan, ba ta sake ɗauka ba har yau. Swoopes ta ci 47 a wasan ƙarshe, suka doke Ohio State 84 da 82. Ke nan an taɓa samun mace ɗaya da ta goya ƙungiya a bayanta har ta kai ta gaci. Abin da ake cewa ba zai yiwu ba, an yi shi. Clark ta kai bakin gaɓa sau biyu ba ta haye ba. Kuma kada mu manta 2022, da Creighton ta fitar da su a zagaye na biyu a cikin gidansu, 64 da 62.

Koci: Wannan gaskiya ne, Malam, na karɓi ta Swoopes. Amma ka san wadda ta jefa ƙwallon da ta kashe Iowa a wasan Creighton ɗin? Lauren Jensen, wadda shekara ɗaya kafin nan 'yar Iowa ce, ta sauya sheƙa. Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Tun 2021 da aka bar 'yan wasa su sauya makaranta ba tare da zaman shekara guda a benci ba, aka kuma ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, manyan makarantu sun daina jiran yaro ya girma a hannunsu. LSU da ta ci Iowa a 2023, da me ta ci? Angel Reese daga Maryland ta zo. Jasmine Carson da ta taso daga benci ta ci 22 a wasan ƙarshen, ita ma daga wata makarantar ta zo. Kocinsu Kim Mulkey shekararta ta biyu ke nan a wurin. Cardoso ma daga Syracuse ta koma South Carolina. Swoopes ba ta fuskanci ƙungiyoyin da aka harhaɗa haka ba.

Anti Ladi: Kullum sai a ce abokan wasanta ba su da ƙarfi, kuma wannan rashin adalci ne ga yaran. Monika Czinano ba ta cika ɓarar da ƙwallo a ƙarƙashin kwando ba. Kate Martin ta shiga WNBA. A wasan da suka ci UConn 71 da 69, Hannah Stuelke ce ta fi kowa maki a Iowa da 23, ba Clark ba. Sannan a yi maganar tsaron gida. Stewart tana tare jifa, tana kwasar ƙwallo daga allo, tana tsare kowa daga mai raba ƙwallo har doguwar tsakiya. Clark a ɓangaren tsaro ɓoye ta ake yi, kuma tana yawan zubar da ƙwallo. Wasan nan gefe biyu ne. Kuma a daina cewa Stewart a kan shimfiɗa ta tarar da komai. A shekararta ta farko Notre Dame ta doke UConn sau uku. Da suka haɗu karo na huɗu a wasan kusa da na ƙarshe, yarinya 'yar shekara 18 ta ci 29 ta fitar da su.

Auta: Zubar da ƙwallon ai saboda ita ce take riƙe da ita a kowane hari, Anti. Ta miƙa ƙwallon da aka ci sama da sau 1,100, ban da nata makin. Czinano da kike yabo, wa yake ajiye mata ƙwallon a hannu? Kuma akwai abin da ba a rubuta shi a takardar maki. Mutum 55,646 suka hallara a filin Kinnick na jami'ar Iowa don kallon wasan sada zumunci na mata a Oktoban 2023. Wasan ƙarshe na 2024 kusan mutum miliyan 19 suka kalla a Amurka, karo na farko da na mata ya fi na maza masu kallo. Ni kaina ba don ita ba da ban san wace ce Stewart ba. Nawa ne a cikinmu nan suke tashi ƙarfe biyu na dare don wasan jami'a na mata kafin 2023?

Ɗan Zariya: Ni dai ina tashi tun 2018, ƙanwata, saboda Arike Ogunbowale, da na ji mahaifinta ɗan Najeriya ne. Kuma ita ce take sa ni ɗan sassauta a kan maganar kofi, duk da abin da na faɗa ɗazu. Cikin kwana uku ta jefa ƙwallo biyu a daƙiƙar ƙarshe, ɗaya ta fitar da UConn 91 da 89, ɗaya ta kashe Mississippi State 61 da 58. Da ta biyun ta daki ƙarfe ta fito, wataƙila da Notre Dame ba ta da kofin nan. Shin wannan jifa ɗaya ta sa Arike ta fi Clark? Ko ni mai ƙaunarta ba zan ce haka ba. To amma shahara daban, fifiko daban. A ce Clark ta fi kowa jawo jama'a da cin maki, na sa hannu. A ce ta fi Stewart, ko Chamique Holdsclaw mai kofi uku a jere a Tennessee, ko Diana Taurasi mai uku a UConn, ko Cheryl Miller, nan ne hannuna yake rawa.

Maman Amira: Akwai abin da ya daɗe yana damuna a wannan muhawarar, don ya shafi kocinmu. Dawn Staley da take wasa a Virginia, sau uku a jere ta je huɗun ƙarshe, daga 1990 zuwa 1992, ba ta ɗauki kofi ba. A 1991 Tennessee ta doke su a ƙarin lokaci, amma duk da haka ita aka ba gwarzuwar zagayen ƙarshe, tana ɓangaren da aka ci. Ina ganin shi ya sa a Cleveland, bayan wasan ƙarshe na 2024, tana tsaye a kan dandamali da kofi a gabanta, ta tsaya ta gode wa Clark a bainar jama'a saboda ɗaga wasan da ta yi, ta kuma sa ta cikin manyan da aka taɓa yi. Ta san ɗacin. Idan na ce rashin kofi ya fitar da Clark daga sahu, to na fitar da Staley ma, kuma bakina ba zai iya faɗar haka ba.

Anti Ladi: Cikin manya, na yarda, ban taɓa cire ta ba. Amma Auta ba "cikin manya" ta ce ba, cewa ta yi ba a taɓa yin kamarta ba. Ga Bueckers nan, wadda aka zaɓa aka bar Clark. Gwiwarta ta lalace, ta rasa kakar 2022 zuwa 2023 gaba ɗaya, ta dawo, ta jira, a 2025 suka lallasa South Carolina 82 da 59 a Tampa ta tafi da kofinta.

Koci: Ta tafi da shi, Anti, kuma ta cancanta. Amma a daren nan Azzi Fudd ta ci 24, Sarah Strong ta ci 24, Bueckers ta ci 17. Fudd ita ce ta ɗaya a ajin 2021, Strong ita ce ta ɗaya a ajin 2024, Bueckers ta ɗaya a ajin 2020. 'Yan lamba ɗaya guda uku a fili lokaci guda. Ki ba Clark Fudd a dama da Strong a ƙarƙashin kwando, sannan ki zo mu ƙirga kofi.

Anti Ladi: "Da a ce" ba ta shiga kwando, Koci. Ni abin da aka buga nake ƙirgawa.

Auta: To a ƙirga wanda aka buga ɗin, Anti. 41 a kan Louisville, 41 a kan South Carolina da ba a taɓa ci ba a kakar, 41 a kan LSU mai riƙe da kofi. Zan turo muku cikakken wasan LSU ɗin na 2024 yanzu. Ku kalli zubi na uku kawai, daga inda aka dawo hutu ana 45 da 45, ku ga daga ina ta jefa ta farko.