Tartsatsin Sinawa da ɗan hakin Bahaushe: magana ɗaya ce ko biyu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina jiya a teburin mai shayi, har muka ce wanda aka kayar shi zai biya shayi da wainar ƙwai. Sinawa suna da wani tsohon karin magana, wai tartsatsi ɗaya kan cinye daji. Mao Zedong, jagoran 'yan kwaminis na Sin, ya kawo shi a wasiƙar da ya rubuta wa Lin Biao, wani matashin kwamandansa, ranar 5 ga Janairun 1930, lokacin suna fama a duwatsun kudancin ƙasar, gwiwar yaron ta yi sanyi. Ni na ce da Bahaushe ne, cewa zai yi ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ku duba fa: a Yulin 1921 da aka kafa jam'iyyar kwaminis a Shanghai, wakilai 13 ne suka zauna, mambobin duka hamsin da 'yan kai. Wani ɗan leƙen asiri ya leƙo musu, suka watse, sai a cikin jirgin ruwa a tafkin Jiaxing suka ƙarasa taron. Shekara 28 bayan nan, ranar 1 ga Oktoban 1949, ga Mao a Tiananmen da ke Beijing yana shelar sabuwar ƙasa. In wannan ba haki ba ne, mene ne? Abokina ya ce sam ba ɗaya ba ne, amma ya kasa kawo dalili.

Bazazzagi:
Wa'alaikumus salam. Ka sha shayinka malam, ka ci gardama. Ƙaramin abu ya zama babba, shi ke nan.

Tsohon Malami:
Kada ka yi saurin yanke hukunci, ɗana. Karin magana ba ma'anarsa kaɗai ake dubawa ba, ana duba bakin da ya fito da kunnen da aka nufa. Ɗan hakin da ka raina gargaɗi ne, kuma babba ake yi wa shi, mai ƙarfi, wanda ya saki jiki. Ba ka taɓa jin hakin da kansa ya tashi ya ce ni ne zan tsone ido ba. Maganar tartsatsi kuwa ƙarami ne yake faɗa wa ƙaramin ɗan'uwansa don kada ya karaya. Ɗaya jan kunne, ɗaya ƙarfafa gwiwa.

Sannan ga tambaya: wa ya raina su? Ba dai Chiang Kai-shek ba, jagoran Kuomintang, jam'iyyar da ta riƙe gwamnatin ƙasar kafin 1949. Mutumin da a ranar 12 ga Afrilun 1927 ya sa aka yi musu kisan gilla a Shanghai, alhali har jiya-jiya tare suke yaƙar jagororin soja masu riƙe da larduna. Jam'iyya mai mambobi kusan 58,000 ta dawo wajen 10,000. Daga 1930 zuwa 1934 sau biyar yana tura runduna ta yi musu ƙawanya a Jiangxi. Har ana jingina masa cewa Japanawa ciwon fata ne, 'yan kwaminis kuwa ciwon zuciya. Wanda ka kira ciwon zuciya ai ba ka raina shi ba.

Ɗan Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji ta farko. Amma ta biyun ina da ja. In Chiang bai raina su ba, ai Rasha ta raina Mao. Su a karatunsu ma'aikatan masana'antu na birni ke kawo juyin juya hali, manomi ɗan rakiya ne. Shi kuwa ɗan ƙauyen Hunan ya ce a bar birni a koma karkara. Shugabannin jam'iyyar da suka yi karatu a Mosko har ture shi gefe suka yi a Jiangxi.

Tsohon Malami:
To ka ga yanzu ka canza idon. Da farko idon Chiang ake magana, yanzu ka koma idon Mosko. In karin magana sai an yi ta sauya masa mazauni kafin ya zauna, ba nan ne wurinsa ba.

Maman Hanifa:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne dajin, kowa ya tsaya kan tartsatsi. Duk macen da ta taɓa hura wuta da damina ta san in itace ɗanye ne, ko kwalin ashana guda ka ƙarar, hayaƙi kawai za ka sha. Na karanta wasiƙar, kuma shi kansa Mao abin da ya dogara da shi ke nan, cewa ya yi ƙasar duka shimfiɗe take da busasshen itace. Sarautar gidan Qing ta faɗi a juyin 1911, ƙasa ta tarwatse a hannun masu bindiga, kowa da lardinsa da harajinsa. Manomi yana noma gonar wani, ya miƙa kaso mai tsoka na amfanin ga mai ƙasa, ga bashi da ruwa. A 1919 kuma manyan ƙasashe suka zauna a Faransa suka ɗauki abin da Jamus ke riƙe da shi a Shandong suka miƙa wa Japan, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Beijing ranar 4 ga Mayu. Daga cikin masu wannan fushin aka samu Chen Duxiu da Li Dazhao, iyayen jam'iyyar. Saboda haka in ni ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga zan ce.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta kawo magana. Amma a kula, wannan karin ma yana da inda yake karkata. Mai cewa bango ya tsage, bangon yake zargi, kuma ƙadangaren a wurinsa ɓarna ce ta shigo gida. Ɗan Kuomintang da ya tsere Taiwan zai iya faɗinsa yana cizon yatsa. Ɗan kwaminis ba zai yarda a kira shi ƙadangare ba.

Maman Hanifa:
Ai ban ce zai yarda ba, Malam. Ni ba 'yar jam'iyyarsu ba ce.

Bazazzagi:
Ni dai ku bar ni da ragona. Doguwar tafiyar nan tasu ta 1934, ita ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sun ja baya, sun dawo sun yi karo.

Tsohon Malami:
Wannan kam ba zan bari ta wuce ba. Rago da ganin damarsa yake ja da baya, taku uku ko huɗu, idonsa a kan abokin karo. Su kora aka yi musu. A ƙawanya ta biyar Chiang ya daina kutsawa da gaggawa, ya riƙa gina ƙananan ganuwoyi dubbai yana matsowa sannu a hankali, ya toshe hanyar kaya har gishiri ya gagara a yankin. Abin dariya, Jamusawa ke ba shi shawara, su ma 'yan kwaminis wani Bajamushe ne, Otto Braun, da Mosko ta turo, yake tsara musu yaƙi, shi ya sa suka tsaya gaba da gaba aka yi ta ragargazarsu. A Oktoban 1934 mutum wajen 86,000 suka fasa ƙawanya suka fita. Kafin su gama haye kogin Xiang a farkon Disamba fiye da rabi sun tafi, wasu sun mutu, wasu sun gudu. Waɗanda suka isa arewacin Shaanxi tare da Mao bayan shekara guda ba su kai 10,000 ba. Wane rago ne ke ja da baya ya bar ƙahonsa a hanya?

In kana neman inda ragonka ya dace, ka koma dabarar yaƙin sari-ka-noƙe da Mao da kwamandan soja Zhu De suka yi tun a dutsen Jinggang: in maƙiyi ya taso mu ja baya, in ya yada zango mu hana shi barci, in ya gaji mu far masa, in ya juya mu bi shi. Wannan ja da baya ne na niyya. Doguwar tafiya kuwa gudun ceton rai ce, daga baya aka yi mata kwalliya. Ribar da ba a musu a kanta ita ce ta Mao shi kansa, don a taron Zunyi na Janairun 1935 aka ɗora wa Braun da mutanensa laifin asarar, tauraronsa ya fara hawa.

Maman Hanifa:
Kuma a wannan tafiyar matarsa He Zizhen ta haihu, aka bar jaririyar a hannun wasu mutanen ƙauye aka wuce. Duk lokacin da maza ke ba da labarin nan ba na jin an ambaci wannan.

Bazazzagi:
Na karɓi gyara, Baba. Amma to in an kusa gamawa da su haka, me ya tashe su?

Ɗan Damagaram:
Bangon Hajiya ne ya sake tsagewa, wannan karon daga waje. Japan ta kame Manchuria tun 1931. Chiang ya nace sai ya gama da na cikin gida tukuna, har a Disamban 1936 wani janar ɗinsa, Zhang Xueliang, ya tsare shi a Xi'an ya tilasta masa ya daina yaƙar 'yan'uwa a fuskanci baƙo. Aka koma ƙawance, zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Daga 1937 manyan yaƙe-yaƙe da Japan sojojin gwamnati suka fi shan su, suka rasa birane da ƙwararrun mayaƙa. 'Yan kwaminis suna Yan'an cikin ɗakunan da aka fafe a jikin tudu, suna bazuwa ƙauyukan da ke bayan sansanonin Japan. Zuwa 1945 mambobi sun kai miliyan 1.2, soja wajen 900,000. Da Sobiyet ta kori Japan daga Manchuria a Agustan shekarar, makamai masu yawa da aka bari suka faɗa hannunsu. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ɗan Fagge:
Malam, in haka ne kun mai da su 'yan sa'a kawai. Ban yarda ba. Bango ya tsage wa kowa, akwai jam'iyyu da masu bindiga barkatai, me ya sa su kaɗai suka shige? Sojansu an kafa masa doka kada ya ɗauki ko allura da zare na talaka, abin da ya ara ya mayar, in ya ciro ƙyauren gida ya kwana a kai, da safe ya mai da shi. Can ɓangaren gwamnati kuwa da igiya ake ɗaure samarin ƙauye a kai su soja. Kuɗi ya lalace har a 1948 aka fito da sabo, kowane ɗaya a kan tsohon miliyan 3, shi ma bai yi shekara ba ya zama takarda. Mao ya ce su gero da bindiga suke da shi, Chiang na da jirage da tankokin Amurka. Gero fa, irin abincin talakan arewacin Sin. A yaƙin Huaihai na ƙarshen 1948 miliyoyin manoma ne suka yi ta turo hatsi da harsashi a baro zuwa bakin daga. Nan kam ko Baba ba zai hana ni cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba.

Tsohon Malami:
Ba zan hana ka ba, wannan ta zauna daram. Ita ce ta farko da ka kawo da ba ta buƙatar a dafa mata.

Maman Hanifa:
To ku ƙarasa labarin masu baron mana. An raba musu gonaki, gaskiya ne, kuma a wajen rabon an kashe masu ƙasa dubban ɗaruruwa, wasu masana na cewa sun haura miliyan. Ba a yi shekara goma ba aka tattara gonakin aka mai da su gandun haɗin gwiwa a ƙarƙashin gwamnati. A 1958 aka ce kowa ya bar aikinsa ya narka ƙarfe a bayan gida, jami'ai suna ƙara gishiri a lissafin amfanin gona, gwamnati na kwasar hatsi bisa lissafin ƙarya. Yunwar da ta biyo baya, daga 1959 zuwa 1961, mafi ƙarancin ƙiyasi mutum miliyan 15 ne, wasu na kai shi 45, kuma kusan duka mutanen karkara. Ministan tsaro Peng Dehuai, wanda ya yi doguwar tafiyar da ƙafarsa, da ya yi magana a taron Lushan a 1959 sai aka tuɓe shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Kurar gardi a ɗaure take da takunkumi tun farko, ba ta taɓa zaɓa ba, kuma ba ta taɓa cin komai a wasan ba. Manoman nan da yawansu da son ransu suka tura baron, kuma jikokinsu sun samu makaranta da asibiti da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Karin ya yi daidai da shekarun yunwa, amma ya yi wa labarin duka kaɗan.

Maman Hanifa:
Wanda ya mutu a 1960 ba shi da labarin duka, Malam, shekarun yunwar kaɗai ya samu.

Bazazzagi:
Shi Lin Biao da aka rubuta wa wasiƙar fa, ya ƙare da shi?

Tsohon Malami:
Ya zama babban janar, shi ya ci Manchuria a yaƙin basasa, har a 1969 aka rubuta a kundin jam'iyya cewa shi ne magajin Mao. A Satumban 1971 jirgin da ya ɗauko shi da iyalinsa daga ƙasar ya faɗi a Mongoliya, ba wanda ya fita, aka ce juyin mulki ya shirya.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. To Baba, a taƙaice wa zai biya shayin? Abokina dai bai kawo dalili ba, ku kuka kawo masa.

Tsohon Malami:
Sharaɗinku wanda aka kayar ne, ba ku ce wa zai yi kayen ba. Ka biya, ɗana, kuma ka ce a sa masa ƙwai biyu.