Jirgin X-wing mai buɗe fiffike: na hannu ko na mota?

Ɗan Birni: Salamu alaikum yan uwa. Yarona ya ci jarrabawar BEPC, na mishi alkawalin jirgin nan na roba da ake haɗawa, X-wing na fim ɗin Star Wars. Kamfanin Bandai na da ƙarami mai girman 1/72 da ake buɗe fiffiken da hannu, akwai kuma babba 1/48 mai mota (ƙaramin inji) da fitila yana buɗewa da kanshi. Wanne ne fiffikenshi huɗu ke tsayawa daidai kamar harafin X, ba ɗaya sama ɗaya ƙasa ba? Gobe ƙanena zai tafi Kano.

Mai Rediyo Zango: Sayo mishi keke kawai Alhaji.

Mushen Lisafi: Ni na sha wuyar abin nan. Bara na sayi wani marar suna jaka 9, kwalin duk rubutun China. Fiffiken kamar almakashi suke, na sama na dama haɗe da na ƙasa na hagu, ƙusa guda ce ta riƙe su a tsakiya, to ramin ƙusar ya yi faɗi, in ka buɗe sai gefe guda ya sunkuyo kamar kazar da aka jiƙa. Na ce bari in sa kol kaɗan, kol ya gangara cikin mahaɗin ya daskare, na matsa ya ɓalle a hannuna. Kwana 4 ina aiki a kai walahi, matata har yau in muka yi faɗa sai ta tuna min.

Ɗan Birni: Ayya Mushe, amma ai naka jabu ne. Na asali nake tambaya.

Tela Garin Malam: Na asali ba ya son kol ma, matsawa ake ya shige. Kar dai a shafa fenti a mahaɗin, yana ƙara kauri ya cije. Ni jaka 28 aka kawo min ƙaramin.

Mai Rediyo Zango: 28 ina? ɗan yayata jaka 45 ya biya

Mushen Lisafi: Tela kai da ka haɗa guda ɗaya tak za ka koya mana?

Tela Garin Malam: Guda ɗayan dai yana nan bai karye ba Mushe 😂

Hajiyar Sabon Gari: Ku da ƙurar Damagaram kuke zancen mota? Hunturu ɗaya haƙoran injin sun cika da rairayi. Agogon bangona ma bai tsira ba.

Mai Rediyo Zango: In ya tsaya a kawo min shago, jaka 2 kuɗin dubawa

Tela Garin Malam: Ni abin da zan ce, ƙanenka ya riƙe kwalin bisa cinya. Nawa na farko a but aka sa, aka ɗora mishi buhun barkono tun daga Kano har Matamaye, kwalin ya iso kamar waina.

Mushen Lisafi: Ashe guda biyu ne, ka ɓoye ɗaya.

Hajiyar Sabon Gari: Direbobin nan ai sai Allah, ni kwanukan sambarka 12 na aiko, 7 suka iso da rai, wai hanya ce.