Neman kalma: me zan kira karatun ɗinkin da nake sayarwa ta intanet?

Mai Keke:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman taimakonku kafin safiyar Alhamis, domin ranar za a naɗi tallata a gidan rediyo, mai buga fosta ma ni yake jira. Ni tela ce, yanka da ɗinki nake koyarwa. Na ɗauki darussan a bidiyo, tun daga ɗaukar awo, da zana wuya da hammata a kan takarda da alli, har zuwa haɗa doguwar riga da sa zif. Mace za ta biya ta banki, in saka ta a zauren Telegram, ta kalla duk lokacin da ta samu sarari, ta ɗinka, ta turo hoto in yi mata gyara. Daren Asabar kuma mu haɗu kai tsaye a yi tambayoyi. Wannan shi ne abin da Turawa ke ce wa online course. Mai karanta tallar ya ce ba zai sa Turanci a bakinsa ba, kuma yana da gaskiya, don matan gida nake nema. Me zan kira shi? Sai kuma module, wato darussan da aka tara a kan abu guda, da batch, ɗaliban da ake ɗauka lokaci ɗaya.

Ɗan Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Anti. Kwas na intanet, shi ke nan. Ma'aikaci yana tafiya kwas, soja yana tafiya kwas, har jam'i muka yi masa, kwasa-kwasai. Module ki ce kashi, batch ki ce rukuni.

Malamin Hausa:
Ban yarda ba. Kalma biyu, duka na aro, a tallar da aka ce ta Hausa ce? Muna da tsangaya, kuma jami'o'inmu sun riga sun ɗauke ta zuwa karatun zamani, kuna jin ana cewa tsangayar shari'a, tsangayar ilimi. Muna da yanar gizo. A haɗa su: tsangayar gizo. Na daɗe ina amfani da ita a aji, ɗalibaina sun saba. Module kuwa babi ne.

Uwargidan Gusau:
Allah gafarta Malam, ni mai sayen irin wannan karatu ce, bari in faɗi yadda kunnena ya ji. Idan aka ce yanar gizo a haɗe, mun san intanet ake nufi. Da zarar an cire yanar an bar gizo shi kaɗai, to mijin Ƙoƙi ya rage, sarkin wayo da yaudara. Babban abin da ke hana mata biyan kuɗin karatu ta waya shi ne tsoron damfara. Ni kaina na taɓa biya wa wani karatun girki, aka saka mu a zaure, aka turo bidiyo kaɗan, daga nan malamar ta kashe waya. Yanzu a ce mace ta je ta roƙi maigida kuɗin shiga tsangayar gizo? Ba zai bayar ba. Kuma tsangaya a wurin yawancinmu ta Alƙur'ani ce, za a yi zaton hadda ake koyarwa.

Malamin Hausa:
Hajiya, kowace sabuwar kalma da farko baƙuwa ce. Jirgin sama da gidan waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa duk wani ne ya fara faɗa, aka yi ta maimaitawa har suka zauna. In kowa ya ce sai an saba sannan zai faɗa, wa zai fara?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ina tuna muku rediyo ba ya tsayawa a iyaka, muna kama tashoshinku a nan. Mu kwas ba kalmarmu ba ce, ta hanyar Ingilishi ta shigo muku. Wanda ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, a nan formasiyon zai ce. Horo ko koyon sana'a su ne za a gane daga Maraɗi har Kano.

Ɗan Kwamfuta:
Horo yana da nauyi. Uba ya yi wa ɗansa horo, alƙali ya yanke ɗauri da horo mai tsanani. Horarwa ta fi sauƙi, amma ita kuma ta yi kama da taron bita na gwamnati, wanda ake ba mutum kuɗin mota in ya halarta. Mu kuma mu ake so a biya.

Bari in faɗi abin da ya sa na nace a kan kwas, don ni ma abincina ke nan, ina koyar da zane a kwamfuta. Suna yana shafar farashi. Bahaushe bai saba sayen karatu ba. A makarantar zaure kowa yana zuwa da littafinsa, ya ɗauki karatu daidai ƙarfinsa, ya tashi, abin da ya kawo wa malam sadaka ce, ba farashi ba. Tsarin Anti ma kusan haka yake, kowa da saurinsa, amma ita ta sayi data, ta sayi fitila da abin riƙe waya, ta ɓata yadi wajen gwaji. Ranar da na rubuta karatu a tallata, tambayar farko da ake min ita ce, kyauta ne? Kwas kuwa yana zuwa da ma'anarsa: akwai ranar farawa, akwai ranar gamawa, akwai kuɗin rajista, akwai takardar shaida. Wannan ma'anar ce muke sayarwa. Ko a Udemy, kasuwar sayar da kwasa-kwasai ta intanet, ka duba, in malami ya kawo ɗalibi da kansa yana samun kashi 97 cikin ɗari na kuɗin, in kasuwar ce ta kawo masa, kashi 37 ne nasa. Wato duk ribar tana wurin wanda ya iya kiran mutanensa da bakinsa. Mu da babu mai neman darasin Hausa a can, tallar nan ita ce jarinmu, ba wurin gwajin kalma ba ce.

Malamin Hausa:
To ga cutar ta fito fili. Wato sai an yafa wa abu rigar Turanci sannan zai yi daraja. Kowace 26 ga Agusta ku cika Facebook da Ranar Hausa, ku sa babbar riga ku ɗauki hoto, washegari in an zo maganar kuɗi ku ce Hausa ba ta sayar da kaya. Wannan raina kai ne, kuma mu muke koya wa masu saye.

Ɗan Kwamfuta:
Malam, da girmanka, ba raina kai ba ne. Darasi daga Larabci yake, allo ma haka, kasuwa daga Barebari muka samo, tela da Anti ta kira kanta daga Turanci ne. Babi da ka kawo ma Larabci ne. Me ya sa aron jiya ya zama ɗan gida, na yau ya zama bare?

Malamin Hausa:
Saboda na jiya ya shigo ne inda babu kalma. Na yau yana korar wadda ke akwai.

Ɗan Damagaram:
Kuma in ana maganar gida, a riƙa tunawa ba Kano kaɗai ce gida ba. Kullum sai a yanke kalma a can, a kira ta daidaitacciya, mu a ce tamu karin harshe ne.

Uwargidan Gusau:
Wannan kam gaskiya ne, mu ma ana yi mana dariyar hwa da shi.

Tsohon Ɗan Jarida:
Jama'a, baiwar Allah tana da Alhamis a gabanta, kun koma rikicin Kano da Sakkwato. 'Yata, na yi shekaru ina fassara a ɗakin labarai, ga abin da na sani. Koyo ba tare da zama a aji ba ba sabon abu ba ne a wurinmu. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 aka kafa ta, kuma da wannan hanya ta horar da malaman firamare. Buɗaɗɗiyar jami'ar nan ta NOUN ma haka take aiki. Abin da muke faɗa a labarai shi ne karatu daga gida ko karatu daga nesa, kuma ba a taɓa bugo waya an ce ba a gane ba.

Kuskuren da kuke yi duka shi ne neman suna guda. Hausa ta fi son aikatau a irin wannan wuri. Mai sauraro tana tsakar gida, tana wanke-wanke, rediyo na kan taga, yaro na kuka. Ba za ta tsaya fassara suna ba. Ki gaya mata abin da za ta yi: koyi ɗinki daga gida, ta wayarki. Kada ma ki ce intanet a jimlar farko, mata da yawa da ke WhatsApp kullum ba sa kiran abin da suke yi intanet, sun san waya, sun san data. Sai a jimla ta biyu ki kawo kwas, sau ɗaya, inda za ki faɗi tsawonsa da kuɗinsa.

Uwargidan Gusau:
Baba, ta waya kaɗai za a iya ɗauka kira za a riƙa yi. A ƙara a bidiyo. Kuma don Allah ki faɗi cewa kina duba ɗinkin kowa ki yi gyara. Bidiyo kyauta ya cika YouTube, gyaran nan shi ne abin da za mu biya.

Ɗan Kwamfuta:
Haka ne. Anti, ki kuma kunna makullin da ke hana sauke bidiyo da tura shi a zauren Telegram ɗin, yana nan a saituna tun 2021. Ba ya hana wanda ya ɗauka da wata wayar, amma yana rage yawo da darussa.

Mai Keke:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta: "Koyi yanka da ɗinki daga gida, a bidiyo ta wayarki. Kwas ne na wata uku, mataki-mataki, malama na duba ɗinkinki tana yi miki gyara." Module na sa mataki, don ba a shiga hannu sai an iya wuya, kashi da babi ba su nuna hakan ba. Malam, ka yi haƙuri, ban ɗauki tsangayar gizo ba, ina tsoron abin da Hajiya ta faɗa. Batch ne har yanzu ban samu ba. Rukuni yana rikicewa da zauren Telegram, wasu ɗalibaina rukuni suke ce masa.

Ɗan Damagaram:
Ayari. Tare suka taso, tare za su sauka. Kwas ɗin dai na bar muku, amma a fostar da za ta tsallako nan a rubuta koyon sana'a.

Malamin Hausa:
Mataki ya yi, ba ni da ja. Jimlar farko ma Hausa ce tsantsa, na yaba. Kwas kuwa ban sa hannu ba, kuma zan ci gaba da faɗin tawa a aji. Ayari na fatake ne, a bar shi a ajiye mu sake zama a kansa bayan Alhamis.

Mai Keke:
To Malam. Kafin nan zan sa "ɗaukar farko" a fostar, mai bugawa ya ce yau da magariba zai rufe karɓar gyara.