Me ya sa ake jefa wa raninbak ƙwallo alhali aikinsa gudu ne?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna bin ƙwallon Amurka ta NFL. A sanina raninbak, wato ɗan gudun nan da ke tsayawa kusa da kwatabak (mai jagorantar hari da jifan ƙwallo), aikinsa a danƙa masa ƙwallo ya kutsa da ita. To amma a wasannin yammacin Lahadi sai in ga ana ta jefa masa, ga kuma masu cafka uku ko huɗu a fili. Dabara ce, ko rashin mafita?

Baban Hanan, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Duka biyun ne, amma dabarar ta rinjaya. Cikin mutum 11 masu kai hari, biyar na layin gaba doka ta hana su cafke jifa, ɗaya kuma shi ke jifan. Saura biyar, kuma ɗan gudu na cikinsu. Wa ke tsaronsa? Galibi lainbaka, mai tsaron da ke bayan layin gaba, ƙaton da aka horar don tare gudu da ƙirji, wanda bin mutum a sarari ke ba shi wuya. Nan ribar take.

Ka lura da ƙafafunsa. Wani sa'in zai fita kamar gefen fili ya nufa, da ya ga lainbaka ya juya ƙugu waje sai ya dasa ƙafar waje ya karyo tsakiya, ƙwallo ta same shi wajen yadi biyar gaba. Wani sa'in zai yi gefe har da waiwaye kamar gajeren jifa yake jira, mai tsaro na rugowa sai ya miƙe ya bi layin gefe a guje. Mafi wuya ita ce wadda ake bar masa zaɓi: in yanki suke tsaro ya tsaya a ratar da ke tsakaninsu, in mutum-da-mutum ne ya karya ɓangaren da mai tsaron ba ya nan. Dole karatunsa ya zo ɗaya da na kwatabak. In suka saɓa, ƙwallo hannun abokan hamayya za ta faɗa.

Koci Bill Walsh ne ya ɗaukaka wannan salo a San Francisco 49ers, ya mai da gajeren jifa madadin gudu. A hannunsa Roger Craig ya haura yadi 1,000 a gudu da 1,000 a cafka a 1985. Mutum biyu kaɗai suka maimaita: Marshall Faulk a 1999 da Christian McCaffrey a 2019, wanda ya cafke jifa 116 a kakar.

Malam na Kongo:
Baban Hanan ya faɗi gaskiya, sai dai akwai sharaɗin da ke gaba da iya cafka. Kafin ɗan gudu ya fita, sau da yawa sai ya fara duba lainbakan da aka ɗora masa. In lainbakan ya taho farmaki kan kwatabak, dole ɗan gudu ya tsaya ya tare shi: ya matso gaba, ya rage tsawo, hannaye a ƙirjin mutumin, kai a ɗage. In bai taho ba, sannan ya sulale. Matasa a nan suke faɗuwa. Wani ya sunkuyar da kai a kewaye shi, wani ya yi gaggawar fita a kayar da kwatabak ta bayansa. Kwatabak daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku yake da su, don haka koci ba ya barin wanda bai iya tarewa ba a fili a yunƙuri na uku (cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi goma), komai kyan hannunsa.

Hajiyar Sabon Gari:
Ni dai ina jan hankali kan yawan cafka, don lissafin na ruɗi. In saura yadi 12 a yunƙuri na uku, aka jefa masa ya ci biyar aka kayar da shi, masu tsaro ne suka yi nasara, da gangan suka bar masa wurin. Cafkar da ke da daraja ita ce mai kawo sabon yunƙurin farko, irin wasu daga cikin guda 14 da James White ya yi a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Fabrairun 2017, ranar da New England ta farfaɗo daga 28 da 3 ta doke Atlanta.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Salon da ake barin masu farmakar kwatabak su wuce sannan a lallaɓa wa ɗan gudu ƙwallo fa, me ya sa alƙali ke yawan jefa tutar laifi a kansa?

Hajiyar Sabon Gari:
Sikirin kenan. 'Yan layin gaba za su tare na ɗan lokaci, su saki mutanensu, su fita gefe su zama garkuwar ɗan gudu. A dokar NFL ba a yarda su wuce yadi ɗaya gaban layin farawa, wato inda aka ajiye ƙwallo aka fara yunƙurin, ba kafin ƙwallo ta bar hannun kwatabak, to in ya yi jinkiri su kuma suka yi gaba, tuta ce, a mayar da su baya yadi biyar. Sannan ka duba inda ɗan gudun yake tsaye lokacin jifa. In yana bayan kwatabak, jifan baya ne, ta suɓuce ta faɗi ƙasa wasa bai tsaya ba, duk wanda ya riga ɗauka tasa ce.