Neman kalma: me za mu kira "riff" da "solo" da Hausa?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, na kawo ta gaban masu harshe. Kwana uku ke nan muna musu da wani abokina a kan jerin gwanayen makaɗan jita da mujallar Rolling Stone ta Amurka take fitarwa. Ta yi na mutum 100 a 2003, ta sake na mutum 100 a 2011, sannan ta yi na mutum 250 a 2023. A duka ukun Jimi Hendrix ne a sama, don haka ba a nan rigimar take ba. Rigimar a kan Eric Clapton take. Shi ne na 2 a 2011, amma a 2023 aka gangaro da shi na 35, aka ɗauko Chuck Berry daga na 7 aka kai shi na 2. Abokina ya ce zalunci ne tsagwaronsa. Ni na ce an yi daidai.

Da na zauna zan rubuta hujjata da Hausa sai alƙalami ya kafe, domin hujjar duka ta rataya a kan kalmomi biyu da ban san Hausarsu ba. Ta farko "riff": ɗan gajeren kiɗa da ake ta maimaitawa, wanda waƙa take zaune a kansa, da ka ji shi ka san waƙar tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Wanda makaɗin jita Keith Richards ya buɗe waƙar Satisfaction da shi a 1965 amo uku ne kacal. Ta biyu "solo": lokacin da mawaƙi zai yi shiru a tsakiyar waƙa, mai jita ya fito ya nuna abin da ya iya. Ba na son in rubuta rif da solo in wuce. Ku taimaka mini.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ne. Abin da ake maimaitawa a waƙa amshi ne, sai a ce amshin jita. Ɗayan kuwa kiɗan tilo, tunda shi kaɗai yake yi. Kuma tun yanzu in faɗa maka, ina bayan abokinka. Clapton, mutumin da aka rubuta a bangon Landan cewa ya wuce ɗan Adam tun yana saurayi, wanda ya riƙe ƙungiyar Cream daga 1966 zuwa 1968, a ce mutum 34 sun fi shi? Ban yarda ba.

Malamar Hausa:
Ƙanena na Katsina, amshi ba zai ɗauki wannan kaya ba. Amshi daga amsawa yake. Sai jagora ya faɗa sannan 'yan amshi su karɓa, wato kullum a baya yake zuwa, kuma daga wani bakin daban. Abin da Ɗan Zazzau ya siffanta shi ne yake fara shiga, shi ne kuma yake ci gaba da gudana a ƙarƙashin muryar mawaƙi. Bai amsa wa kowa ba.

Tilo ma akwai gyara. Idan ka ce kiɗan tilo, Bahaushe zai hango mutum ɗaya da kayan kiɗansa, kamar marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ba mai ganga ba 'yan amshi. Amma a wannan da ake magana, masu ganga da sauran makaɗa ba su tsaya ba, suna nan suna riƙe masa kiɗan. Bai zama tilo ba, gaba kawai aka tura shi.

Kawu Mai Kukuma:
Ni ban san waɗannan Turawan da kuke lissafawa ba, amma na shekara talatin da wani abu ina jan kukuma a wuraren biki kafin in ajiye. Ɗana na Zazzau, da ka ce "da ka ji shi ka san waƙar" sai na ce a raina, wannan ai take ne. Mai kalangu zai kaɗa taken ɗan dambe, bai ambaci suna ba, amma duk filin an san wa ake kira, shi kuma tsuma ta kama shi. Ku duba ko take zai yi.

Ɗan Zazzau:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Wallahi take ya taɓa ni, don ya kama rabin abin, wato ganewa nan take. Inda nake jin tsoro shi ne take na mutum ne, ko na sarauta, ko na sana'a. Idan na rubuta "taken Keith Richards" za a ɗauka kiɗan da ake yi masa ne in ya shigo taro, alhali shi ya ƙirƙira wa waƙa. Ga kuma taken ƙasa da ya riga ya zauna a bakin kowa. Hendrix ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita a bikin Woodstock a 1969, ka ga in na zo ba da wannan labarin kalmar za ta yi karo da kanta.

Malamar Hausa:
To ga tawa. Masu nazarin waƙar baka sun daɗe da raba waƙa gida biyu: gindin waƙa da ɗiyanta. Gindi shi ne layin da ake kafa waƙa a kansa, ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, kuma da shi ake gane waƙar, har sau da yawa shi ne yake zama sunanta. Abin da kake nema ke nan, sai dai na tsirkiya ne ba na baki ba. Ka ce gindin kiɗa.

Na so in ba ka turke, don hoton ya yi kyau, dabba ta yi ta zagaye ta dawo wuri ɗaya. Amma a ajin adabi turke ya riga ya zama saƙon da waƙar baka take ɗauke da shi, ba na son mu rikita ɗalibai.

Bakatsine:
Malama, da girmamawa, kin san yaran yanzu. Ana rubuta gindi a intanet za su mayar da abin wasa. Me zai hana a ce tushen kiɗa?

Malamar Hausa:
Na san da haka, amma ba za mu bar kalma mai kyau saboda dariyar yara ba. Muna cewa gindin bishiya, gindin murhu, gindin dutse, ba wanda ya tsargu. Tushe kuwa yana kai hankali ga asali da tarihi. Idan ka ce tushen kiɗan rok, ni zan ɗauka buluz kake nufi, wato kiɗan baƙaƙen Amurka na yankin Misisipi da rok ya tsiro daga jikinsa. Ka ga wannan maganar ma muna buƙatar tushe a cikinta, kada mu kashe shi a wani wurin.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Na makara amma maganar ta shafe mu, don a garinmu jita ba baƙuwa ba ce, da ita ake biki. Bombino da Mdou Moctar duk a wuraren bukukuwan nan suka goge kafin duniya ta san su. Mdou ma bahago ne kamar Hendrix, kuma waƙoƙinsa ta wayar hannu suka fara yawo, daga wannan zuwa wancan.

Ina goyon bayan gindin kiɗa, kuma ga dalilina. A kiɗan Abzinawa za a kama abu ɗaya a yi ta juya shi minti goma ba a canza ba, ana tafi, ana rawa, ba mai gajiya. Haka makaɗin buluz John Lee Hooker ya riƙa yi a Amurka, shi ya sa aka yi ta kwatanta shi da Ali Farka Touré na Niafunke a Mali. Wanda bai san darajar wannan juyin ba zai ce ba su iya komai ba. Amma riƙe abu ɗaya har ya shiga jikin mutane gwaninta ce babba, kuma sunan gindi ya ba ta haƙƙinta, don ya nuna cewa komai a kansa yake tsaye.

Ɗayar kalmar kuma, tunda Malama ta kawo gindi da ɗa, me zai hana ɗan kiɗa?

Malamar Hausa:
A tsari ya yi daidai, a kunne ne bai yi ba. "Ya yi ɗan kiɗa" Bahaushe zai ji kamar ya taɓa kiɗa kaɗan ya ajiye. Wani ma zai ɗauka makaɗin ake nufi, kamar ɗan wasa ko ɗan dambe.

Bakatsine:
To sukuwa fa? Kamar a hawan sallah, dawaki suna tafe a jere, sai mahayi ɗaya ya saki linzami ya fita a guje. Ku saurari Eruption ta Eddie Van Halen ta 1978, ba ta kai minti biyu ba, yana buga wuyan jitar da yatsun hannu biyu. In wannan ba sukuwa ba ce ban san sukuwa ba.

Ɗan Zazzau:
Yaya, wannan ta yi kyau ƙwarai, amma ta bar B.B. King a waje, kuma duk kalmar da ta bar shi a waje ba ta gama aiki ba. Mutumin nan na Misisipi, da ya rayu daga 1925 zuwa 2015, ba ya gudu. Zai kama amo ɗaya ya tura tsirkiyar sama da yatsa, ya karkaɗa ta, ya bar ta tana kuka, sannan ya yi shiru. Shirun ma cikin kiɗan yake. A cikin abin da Van Halen zai zuba amo hamsin, shi huɗu sun ishe shi, kuma huɗun nan za su kwana a ranka. Idan muka kira abin duka sukuwa, mun yanke hukunci tun ba a fara shari'a ba cewa mai sauri shi ne gwani. Wannan kuskuren ne ya fi lalata irin wannan musun.

Kawu Mai Kukuma:
To ku tsaya in gaya muku yadda muke yi. Idan waƙa ta yi nisa, sai in ɗaga kai in dubi masu ƙwarya, su sassauta, mawaƙi ya ja baya, a ce a ba mai kukuma fili. Ba mu taɓa zama mun raɗa masa suna ba, amma haka muke faɗa. Kuma kun san ana cewa ga fili ga mai doki. In an ba ka fili, ruwanka ne ka yi sukuwa, ruwanka ne ka yi taku ɗaya-ɗaya irin na dokin sarki. Filin dai ɗaya ne.

Malamar Hausa:
Kawu ya gama magana. Filin jita. Kalmar tana tafiya da aikatau ba tare da an tilasta mata ba: an ba shi fili, ya shiga fili, ya cika fili, filinsa ya yi tsawo. Ta kuma nuna cewa sauran makaɗa suna nan, su ne ma suka buɗe masa. Sukuwar ƙanena ba ta faɗi ba, ta zama sunan irin filin da ake yi da gudu.

Amshinsa ma na ga inda zai zauna. Ɗan Zazzau, ba B.B. King ne aka sani da cewa ba ya haɗa waƙa da kiɗa a lokaci guda ba?

Ɗan Zazzau:
Shi ne, Malama. Zai rera layi, ya rufe baki, jitarsa da yake kira Lucille ta ba shi amsa, sannan ya ɗora. Wannan kam amshin jita ne na gaskiya, ban taɓa lura ba sai da kika faɗa.

Ɗan Agadas:
Tunda an shiga dawaki, sukuwa ba ta tafiya sai da zamiya. Masu sa ƙaramar kwalba ko ƙarfe a yatsa suna goga shi a kan tsirkiya, kamar Duane Allman da yake amfani da kwalbar magani, a ce masu zamiya.

Ɗan Zazzau:
Na karɓa. Bari in gwada rubuta abin da ya kawo ni, ku ji ko ya zauna.

Masu jerin 2011, waɗanda da yawansu makaɗan jita ne, sun fi duba fili. A fili kuwa Clapton gwani ne, ba mai ja. Masu jerin 2023 sun karkata ga waɗanda suka kafa gindi da waɗanda suka buɗe hanya. Shi ya sa Chuck Berry ya hau, don mabuɗin waƙarsa Johnny B. Goode ta 1958 da irin bugunsa su ne abin da na bayansa suka yi ta gini a kai. Shi ya sa Sister Rosetta Tharpe, wadda take kaɗa jitar lantarki a waƙoƙin coci tun ba a raɗa wa rok suna ba, ta zo ta 6. Shi ya sa Nile Rodgers, wanda da wuya ka ji ya nemi fili, ya zo na 7. Clapton kuwa, gindin waƙar Sunshine of Your Love da aka fi sanin Cream da shi, abokin kiɗansa Jack Bruce ne ya ƙirƙiro shi. Hendrix bai motsa daga sama ba domin shi ne yake kafa gindi da kansa, ya yi wa muryarsa amshi, ya kuma cika fili, duk a waƙa ɗaya, kuma duk wannan a cikin shekara huɗu kafin ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27.

Bakatsine:
Hausar ta zauna, kuma yanzu na gane inda muka rabu. Amma ban sauka ba. Cika fili da ma'ana dare bayan dare na shekara hamsin ba ƙaramin aiki ba ne, kuma Clapton na cikin waɗanda suka mayar da hankalin matasan Turai da Amurka ga tsofaffin makaɗan buluz irin su Robert Johnson, wanda waƙa 29 kawai ya bari a faifai. A sauke shi daga na 2, na ji. Amma ya fita daga goman farko, wannan ban yarda ba, kuma zan rubuta tawa hujjar da waɗannan kalmomin.

Malamar Hausa:
Idan za ka rubuta, jam'in gindaye ne: gindayen kiɗa. Fili kuma filaye, amma ka riƙa haɗa shi da jita a karon farko don kada mai karatu ya ɗauka na ƙwallo ne.

Kawu Mai Kukuma:
Ɗana na Agadas, wannan Hooker ɗin da ka ce yana juya abu ɗaya, a turo mini kiɗansa a wayar jikana. Kukumar tana nan rataye a ɗaki, izgar ce kawai take son canji. Ina so in ji ko gindin nasa zai hau ta.